Magamar Jibiya: Tsakanin Dokar Gida da Alƙawarin Waje

Hanyar da ta tashi daga Katsina ta nufi Jibiya ba ta kai kilomita 50 ba, amma direban da ya saba bin ta da shingaye yake auna tsawonta. Kafin mota ta kama gudu an tsayar da ita. Ga ganga a tsakiyar titi, ga katako mai ƙusoshi, ga rumfar zana a gefe, ga masu kayan sarki kowane rukuni da launin rigarsa. Direba ya sauke gilashi, ya ce, "Yallaɓai, barka da aiki." A leƙa cikin mota, a buɗe but, wani lokaci hannu ya gaisa da hannu, sannan a janye katako. Gaba kaɗan a sake. Wasu shingayen na tsaro ne, kuma ba wanda zai yi musun buƙatarsu a yankin da ya sha wuyar 'yan bindigar daji. Amma da yawansu shinkafa suke nema.

Ƙasar wajen shimfiɗaɗɗiya ce, rairayi ya fi yawa, gonakin gero da dawa da wake hagu da dama, da gawo da kuka nan da can. Motocin hanyar su ma suna da nasu labarin. Akwai tsofaffin J5 da suka ci duniya, akwai ƙananan Golf da aka ɗaga musu baya aka ƙara musu ƙarfe don su iya ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsu. Babura kuwa ba su cika son kwalta ba. Za ka hango su suna ratsa gonaki ta burtali, buhu biyu ko uku a ɗaure a baya, ƙura na bin su.

Kafin a shiga cikin garin Jibiya ake isa Magama, inda hanya ta rabu. Ɗaya ta miƙe yamma zuwa gari da ƙasar Zamfara, ɗaya ta yi arewa zuwa iyaka, ta bi ta Ɗan Isa ta faɗa Maraɗi. Nan ne zuciyar harkar. 'Yan canji na zaune a kan benci, damin naira a hannu ɗaya, sefa a ɗayan, suna lissafi da jaka da dala ba tare da sun taɓa biro ba. Mai shayi na fasa ƙwai, mai tsire na gyara wuta, 'yan dako na jingine da baro suna jiran kira. Tireloli na jere, direbobinsu sun shimfiɗa tabarma a ƙarƙashi. Baƙo ba zai iya bambance ɗan Najeriya da ɗan Nijar a wannan taro ba, sai dai in ya kasa kunne ya ji wanda ya ce kwastan da wanda ya ce duwan.

Dalilin haka tsohon tarihi ne. Bayan da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a farkon ƙarni na 19, sarakunanta na da suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa gadon sarautarsu a Maraɗi. Har yau Sarkin Katsinan Maraɗi ake kiran mai sarautar can. Iyakar kuwa Ingila da Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyoyin da suka yi tsakanin 1898 da 1906, ta ratsa gonaki da dangi da makiyaya. Ko ruwan wurin bai san da ita ba. Kogin da aka datse aka yi madatsar Jibiya shi ne yake shiga Nijar ya zama Gulbin Maraɗi, ya wuce ta gefen Maraɗi da Tibiri, ya sake komowa Najeriya ya haɗu da Rima.

Abin da ya kawo ni shi ne in ga da idona yadda dokoki iri biyu suke zaune a wuri guda. Iri na farko alƙawura ne da Najeriya ta sa wa hannu da wasu ƙasashe. Iri na biyu dokokinta ne na cikin gida, waɗanda ta kafa don kare manomanta da masana'antunta. A Abuja kowanne yana cikin kundinsa, a ofis dabam. A Magama kuwa kan buhu ɗaya suke haɗuwa.

Alƙawuran ba ɓoyayyu ba ne. A Legas aka kafa ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOWAS, ranar 28 ga Mayun 1975. A 1979 aka amince cewa ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar zai iya shiga wata ba biza, kuma a shekarar aka fara tsarin sassauta ciniki, wanda ya ce amfanin gona da dabbobi da kayan sana'ar hannu na yankin su wuce iyaka ba haraji. A 1990 aka shigar da kayan masana'antu, bisa sharaɗin a tabbatar cewa a yankin aka yi su. Sai kuma harajin bai ɗaya kan kayan da suka fito daga wajen yankin, wanda ya fara aiki a Janairun 2015, mai hawa biyar: sifili, kashi 5, kashi 10, kashi 20 da kashi 35 cikin ɗari. Sama da wannan akwai Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, WTO, wadda Najeriya ke cikinta tun ranar da aka kafa ta a 1995, kuma 'yar Najeriya, Ngozi Okonjo-Iweala, ke shugabantarta tun 2021. Ƙa'idojinta sun yarda ƙasa ta sa haraji har zuwa iyakar da ta ɗaure kanta da ita, kuma Najeriya ta ɗaure kanta a kashi 150 kan kayan gona, wato ta bar wa kanta fili mai faɗi. Abin da sashe na 11 na yarjejeniyar GATT ta WTO ya hana shi ne haramta shigo da kaya ɗungurungum, in ban da wasu dalilai ƙayyadaddu. Sashe na 5 kuma ya ba kayan ƙasa irin Nijar, wadda ba ta da teku, haƙƙin ratsawa ta ƙasar maƙwabta.

To ga inda gizo ke saƙa. A harajin bai ɗaya na ECOWAS, shinkafa tana hawan kashi 10. Najeriya na ganin wannan ya yi kaɗan ga manomin Kebbi da Jigawa da Kano, wanda ke gasa da shinkafar Tailan da Indiya. Yarjejeniyar ta bar wata ƙofa: na ɗan wani lokaci, ƙasa na iya ɗora ƙarin haraji a kan kaɗan daga cikin kayayyaki, muddin jimillar ba ta wuce kashi 70 ba. Najeriya ta bi ta wannan ƙofa ta kai shinkafa ƙarshen abin da aka yarda. A ƙaddara a lokacin buhu ya iso bakin teku a kan naira 100. In ta Legas ya shigo ya zama 170, in ta Kwatano ne bai wuce 110 da 'yan kai ba. Ratar da ke tsakani ita ta riƙa biyan tirela daga Kwatano zuwa Nijar, ta biya sito a Maraɗi, ta biya ɗan fito da mai babur da mai shinge, kuma riba ta saura. Shekaru aka yi Jamhuriyar Benin na cikin manyan masu sayen turararriyar shinkafa daga Asiya, alhali mutanenta ba ita suka fi ci ba. Kowa ya san tukunyar da za ta faɗa.

Attajiran Maraɗi ba yau suka gano wannan ba. Tun lokacin yaƙin basasar Najeriya, daga 1967 zuwa 1970, suka shiga harkar kayan ratse, daga baya taba sigari da atamfa da shadda suka zama manyan hajojinsu, duk kayan da Najeriya ta hana ko ta tsawwala wa haraji. Wani masani ɗan Faransa, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi sukutum a kan alhazan Maraɗi a 1986. Duk lokacin da aka ƙara wani abu a jerin haramtattun kaya a Najeriya, sai sabon sito ya tashi a wannan gefen. Da wanda zai bi unguwannin sitocin Maraɗi ya tambayi abin da kowanne ya taɓa ɗauka, da ya karanta tarihin dokokin shigo da kaya na Najeriya ba tare da ya buɗe takarda ba.

Da haraji ya gaza, sai aka koma hani. A Yunin 2015 Babban Bankin Najeriya ya hana sayar da dalar gwamnati ga masu shigo da kaya iri 41, shinkafa na ciki. A Nuwamban shekarar aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi. A Maris na 2016 hukumar kwastan ta haramta shigo da shinkafa ta iyakokin tudu, sai ta teku kaɗai. Daga farkon 2017 aka yi wa motoci haka. Sai babbar shekara ta zo. Ranar 7 ga Yulin 2019, a Yamai, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, wadda mai masaukinsa, Shugaba Mahamadou Issoufou, ke jagorantar fafutukar kafa ta. Ranar 20 ga Agusta, mako shida da 'yan kwanaki bayan nan, Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu. Zuwa Oktoba an bayyana cewa ba kayan da za su shiga ko su fita ta ƙasa, halastattu ko haramtattu. A Nuwamba aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka.

Wannan hukunci na ƙarshe Jibiya ta ji shi a jikinta fiye da kowa, domin garin gaba ɗaya yana cikin wannan tazara. Gidajen mai suka mutu murus, har yanzu za ka ga wasu da famfunan da suka yi tsatsa da ciyawa a tsakar fili. Mai injin ban ruwa a gefen madatsa, da mai injin niƙa, da ɗan acaɓa, duk suka koma sayen mai a galan da tsada, kamar su ne suka yi laifin. A Disambar 2020 aka buɗe iyakoki huɗu, Seme da Illela da Maigatari da Mfum, ba Jibiya a ciki. Ita sai a Afrilun 2022 aka buɗe ta. A tsakani, cikin Agustan 2021, wata motar sintiri ta kwastan ta afka cikin jama'a a garin, mutane suka rasa rayukansu, kuma mutanen gari sun ce masu shinkafa take bi. Ba a mance wannan rana ba. Idan zancen ya taso a majalisa, sai ka ji murya ta sauka.

Dattawan wurin sun taɓa ganin irin wannan. A Afrilun 1984, lokacin Buhari na mulkin soja, an rufe iyaka har zuwa 1986, kuma abin ya faɗo daidai da fari mai tsanani. A Nijar sunansa aka laƙaba wa yunwar wannan shekara, saboda hatsin da suka saba samu daga kudu ya yanke.

Ranar Lahadi kasuwar Jibiya ke ci, kuma a nan ne mutum zai gane abin da rufe iyaka ke takewa. Tun da hantsi kara ta cika da shanu da tumaki da awaki da raƙuma, dillalai na riƙe da igiya suna kai gwauro suna kai mari tsakanin mai saye da mai sayarwa. A layin hatsi ga masara da dawa da gero tsibi-tsibi, ga wake, ga riɗi, ga ayar da ƙasar Maraɗi ta shahara da nomanta. Ga kanwa, ga dabino, ga tabarmin kaba. Daga kudu kuma ga garin rogo, manja, goro, doya, rake, bokitan roba, takalma, sabulu da kwanukan da aka ƙera a Kano da Legas. Dabba da wake da aya su gangaro, masara da rogo da kayan kamfani su haura. Wannan shi ne ainihin cinikin da tsarin ECOWAS na 1979 ya ce a bar shi ya wuce ba haraji, kuma ba shi da wata alaƙa da Tailan. Da aka rufe ƙofa saboda shinkafar Asiya, shi aka fara shaƙewa. Mai shinkafa yana da babur da jeji da kuɗin sallamar hanya. Mai tirelar albasa ko tumatir ba shi da ko ɗaya, kayansa a kan kwalta suka ruɓe. Kamfanonin Najeriya masu rajistar sayar da kaya a ƙasashen ECOWAS su ma suka rasa kasuwarsu ta Nijar da abin da ke bayanta.

Ban zo Jibiya da ƙin kare manomi ba, kuma ban bar ta da shi ba. Wanda ya ga yadda injinan gyaran shinkafa suka yawaita a Kano da Kebbi da Jigawa a cikin waɗannan shekaru, da yadda shanshera ta yi daraja har samari suka koma fadama, ya san kariyar ta haifar da wani abu. Ƙasa mai mutane sama da miliyan 200 tana da haƙƙin ta so ciyar da kanta. Kuma ƙorafin Najeriya a kan maƙwabtanta yana da tushe. Yarjejeniyar ta ba kayan da aka yi a yankin 'yancin wucewa, ba ta ba shinkafar da aka sauya wa buhu ba. Haƙƙin ratsawa ma na kayan da za a yi amfani da su a Nijar ne, ba na waɗanda za su kwana a sito su juyo kudu da dare ba. Sharuɗɗan da ministan harkokin waje na lokacin, Geoffrey Onyeama, ya bayyana a Nuwamban 2019, cewa kayan da za su shigo Najeriya su zo a cikin mazubinsu na asali da rakiya daga tashar jirgin ruwa, kuma kayan yankin su cika ƙa'idar asali, duk abubuwa ne da ke cikin ruhin yarjejeniyar.

Inda na saɓa da gwamnati shi ne hanyar da ta bi. Ta rama karya alƙawari da karya alƙawari, ita ce kuma babbar yaya a ƙungiyar. Ba ta kai maƙwabtan gaban wata hukumar ECOWAS ta nemi a hukunta su ba, ba ta ba da sanarwar da za ta ba mai kaya a hanya damar shiryawa ba. Kuma shinkafar ba ta daina shigowa ba. Duk wanda ya shiga kasuwar Katsina ko Kano a wancan lokaci ya ga 'yar waje, sai dai ta ƙara kuɗi, 'yar gida ma ta bi ta. Abin da hani ya sauya shi ne aljihun da kuɗin ke shiga. Haraji, komai tsadarsa, baitulmali yake zuwa, ana iya ƙirga shi, ana iya gina madatsa ko sayen taki da shi. Kuɗin da ake biya don a kauce wa hani a kan hanya yake narkewa. Har ya kai mutumin Jibiya da ya sayo buhun shinkafar Hausa a Katsina don iyalinsa sai ya yi ta rantsuwa a hanya kafin ya kai shi gida. Wannan ya ƙona mini rai ƙwarai, domin ɗan ƙasa ne ake tuhuma a kan abincin da aka noma a ƙasarsa.

Akwai kuma rashin tsayawa a magana ɗaya. A Oktoban 2023 Babban Banki ya janye hanin dalar nan. A Yulin 2024, da tsadar abinci ta kai intaha, gwamnatin Shugaba Bola Tinubu ta sanar da ɗage haraji na kwana 150 kan shigo da wasu kayan abinci, ciki har da shinkafar da ba a gama gyarawa ba da masara da alkama. Mai saye ya ɗan sami sauƙi, amma wanda ya ci bashi ya kafa injin gyaran shinkafa bisa dogaro da kariyar jiya sai ya wayi gari lissafinsa ya rushe. Manomi na shuka ne da tunanin farashin kaka, mai masana'anta na zuba jari da tunanin shekara goma. Dokar da ke sauyawa da sanarwa ɗaya ba ta kare ko ɗayansu. Amfanin yarjejeniya tsakanin ƙasashe ke nan tun farko: ta ɗaure hannun gwamnati don ɗan kasuwa ya san abin da zai tarar gobe.

Tsallaka iyakar ba shi da wuya ga mai takarda. Bayan shingen ƙarshe na Najeriya sai ɗan fili, sai tutar Nijar, sai jandarma da ofishin duwan a Ɗan Isa. Daga nan hanya ta bi ta ƙasar Madarunfa zuwa Maraɗi, gari mai faɗin tituna da rairayi, kabu-kabu na kai da kawowa, masu sayar da fetur a kwalba na jere a bakin titi. A babbar kasuwa ana karɓar naira kamar yadda ake karɓar sefa, kuma farashin canji shi ne labarin farko da ake tambaya da safe. Idan naira ta faɗi, ɗan Maraɗi ya sami arahar masarar Najeriya, amma mai kawo shanu kudu ya yi asara. Sau da yawa wannan hawa da sauka ya fi kowace doka juya akalar kaya.

A nan na ga cewa son rufe ƙofa ba halin Najeriya kaɗai ba ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka sake garƙame Magama har zuwa Maris na 2024, wannan karon da sunan ƙungiyar da aka kafa don buɗe iyakoki. A Oktoban 2024 hukumomin Yamai suka hana fitar da hatsi zuwa ko'ina in ban da Mali da Burkina Faso, sannan gabanin babbar sallar 2025 suka dakatar da fitar da dabbobi don rago ya yi sauƙi a gida. Dalilinsu irin na Abuja ne sak, wato kare talakan cikin gida. Sakamakon ma iri ɗaya ne. Makiyayin da ya yi shekara yana kiwon rago don kasuwar Najeriya ya rasa mai saye da daraja, ko ya bi da shi ta jeji.

Ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. A ranar ƙungiyar ta umarci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan waɗannan ƙasashe, su kuma ci gaba da ɗaukar kayansu bisa tsarin sassauta ciniki, kafin a daddale sabuwar dangantaka. Wato waken Maraɗi da ke shiga kasuwar Jibiya yanzu a kan sanarwar wucin gadi yake tafiya, ba a kan yarjejeniyar da ta ɗaure ɓangarorin biyu ba. Yarjejeniyar Afirka da Najeriya ta sa wa hannu a Yamai tana nan, ƙasashen biyu duk suna cikinta, sai dai a Magama ban ga alamar ta fara taɓa ko buhu ɗaya ba.

Ana cikin wannan hali kuma ana shimfiɗa layin dogo. A Fabrairun 2021 aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa mai tsawon kilomita 284 daga Kano, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, zuwa Maraɗi, kuma kamfanin Mota-Engil ke aikin. Manufar ita ce kayan Nijar su riƙa bi ta tashoshin ruwan Najeriya maimakon Kwatano da Lome. Tunani ne mai kyau, domin in kwantenar Maraɗi ta Legas ta sauka, Najeriya za ta san abin da ke cikinta tun daga bakin teku. Amma jirgin ƙasa ba ya bin burtali, ba ya kuma tsayawa a yi ciniki da mai shinge. Kafin taragon farko ya tsallaka, dole Abuja da Yamai su zauna su rubuta harajin da shinkafa za ta biya, da takardar da za ta raba waken Maraɗi da kayan Asiya, da wa'adin sanarwar da kowace za ta ba 'yar'uwarta kafin ta rufe ƙofa.